Ganyen Da Ke Rikiɗa Ya Zama Tulu

 Darasin wannan mako ya shafi ganye ne, ganyen wani tsiro da ke fita a tsibiran gabas mai nisa. Kada mai karatu ya ga kamar an saki hanya, gama malaman farko ba su raina wannan fanni ba. Abu Hanifa Dinawari, wanda ya rasu wajen shekara ta 282 bayan Hijira (ba shi ne Imamin mazhaba ba, suna ne ya zo ɗaya), ya wallafa Kitabun Nabati, inda ya bi tsirrai yana sifanta su tun daga tsirowa har bushewa. Ibnul Baiɗar kuwa, mutumin Malaga ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙa cikin 1248, ya tara bayanin magunguna da abinci wajen 1,400, galibinsu daga tsirrai, ya kuma sharɗanta wa kansa rarrabe abin da ya tabbatar da ido da gwaji daga abin da ya ji a bakin mutane.

Wannan sharaɗi nasa ana bukatarsa ƙwarai a nan, domin a zancen tsirrai masu cin nama ƙarya ta fi gaskiya yawo. A cikin 1874 wata jarida ta birnin New York ta Amurka ta buga wata wasiƙa, wai daga wani Bajamushe matafiyi, wanda ya ce ya ga wata itaciya a tsibirin Madagaska da wata ƙabila ke miƙa wa mutane, ita kuwa ta naɗe su da rassanta ta shanye. Jaridu suka yi ta kwafa har Ostireliya. A 1924 wani tsohon gwamnan jihar Mishigan, Chase Osborn, ya sa wa littafinsa na Madagaska sunan wannan itaciya. A 1955 wani marubucin kimiyya, Willy Ley, ya bi sawun labarin ya nuna cewa babu itaciyar, babu ƙabilar, shi kansa Bajamushen ma ba a taɓa haihuwarsa ba. Wani ɗan jarida ne mai suna Edmund Spencer ya ƙaga abin duka. Ruwaya ke nan wadda mai ruwayarta ma ƙagagge ne, amma ta shekara tamanin tana cin kasuwa.

Alhali kuwa a nan Madagaska ɗin akwai tsiro na gaskiya mai cin nama, an kuwa rubuta labarinsa shekara fiye da 200 kafin waccan wasiƙa. Wani Bafaranshe, Étienne de Flacourt, wanda ya yi mulkin sansanin Faransawa a kudancin tsibirin, ya sifanta shi a littafinsa na 1658, ya ce a ƙarshen ganyensa akwai wani abu kamar ƙaramar tukunya da murfinta, cike da ruwa. Shi ya ɗauka fure ne ko ɗan itace. A 1737 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa jinsin suna Nepenthes, kalma ce ta Girkanci mai ma'anar abin da ke kawar da baƙin ciki. Mutanen Maleshiya suna ce masa periuk kera, watau tukunyar biri. A cikin wannan darasi za a kira shi tsiron tulu. An san iri-irinsa fiye da 150, mafi yawansu a tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, kaɗan kuma a Siri Lanka, da duwatsun Khasi na Indiya, da arewacin Ostireliya, da Saishal, da Madagaska. Ba ya fita a babban yankin Afirka.

To, a ɗauki ganye guda a bi shi daga gindi. Inda ya bar kara yana da faɗi, kore shar, dogo kamar ganyen mangwaro. Jijiyar tsakiyarsa kuwa ba ta tsayawa inda faɗin ya ƙare, sai ta zarce ita kaɗai kamar tsirkiya, ta sauka, sa'an nan ta lanƙwaso sama, a ƙarshenta ga tulu a tsaye, bakinsa na duban sama, murfinsa a buɗe. Zarcewar jijiya ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san dajin ƙasar Hausa da damina, domin baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, da tsinin ganyensa yake kama ciyawa ya hau. Baƙon abu shi ne tulun. Kuma tulun nan ba fure ba ne, kamar yadda Flacourt ya zata. Furen tsiron daban yake, ƙanana ne marasa ƙawa, jere a kan sanda guda. Abin da yawancin masana suka tafi a kai shi ne, wancan faffaɗan ɓangare da ido ke ɗauka ganye, gindin ganye ne da ya buɗe, tulun kuwa shi ne ainihin ganyen. Hujjarsu ɗaya tana bayan murfi, inda akwai wani ɗan tsini kamar ƙaya mai laushi, wanda suka ce shi ne asalin kan ganyen, watau murfin ma a ƙasa da shi ya tsiro.

Yaya shimfiɗaɗɗen abu zai zama tulu? Wanda ya lura da ganyen zurma ko na gwaza ya san sandarsa ba a gefe take kama shi ba, daga ƙarƙashi take shiga cikin faɗinsa, kamar sandar laima. A ƙaddara gefen irin wannan ganye ya yi ta tashi sama maimakon ya baje, sai ya zama ƙoƙo, in ya daɗa zurfi ya zama tulu. Cikin tulun shi ne fuskar ganye ta sama, wadda ke duban rana a sauran tsirrai, bayansa kuwa shi ne ƙarƙashin ganye. Irin wannan naɗewa takan auku jefi-jefi a tsirran da ba ruwansu da cin ƙwari. Wani Baturen Ingila, Maxwell Masters, ya tattara misalanta a littafinsa na 1869 game da baƙuwar halitta a cikin tsirrai, kuma masu noman kabeji sukan ci karo da ganye guda ya fito kamar mazurari. A Indiya akwai wani ɓaure da ake shukawa a lambu don ganyensa yana da aljihu a baya. Abin da yake kuskure na lokaci-lokaci a waɗannan, shi ne sana'ar yau da gobe a tsiron tulu.

A 2015 wasu masana na Japan, Kenji Fukushima da Mitsuyasu Hasebe da abokan aikinsu, suka sa madubin ƙara girma a kan wani tsiron tulu na Amurka mai suna Sarracenia purpurea, suka bi ganyensa tun yana ɗan ƙullutun da ido ba ya gani. Sai suka tarar a farko shimfiɗe yake kamar kowane ganye, kuma hanyar da yake bi ba ita ce ta ganyen laima sak ba. Bambancin yana cikin fuskar da ƙwayoyin halittarsa ke bi in za su rabu biyu. A wani wuri suna rabuwa ta hanyar da ke ƙara faɗi, a wani wurin kuma ta hanyar da ke ƙara kauri, sai rami ya samu a sama, tudu ya taso a ƙasansa. Mai saƙar faifai ta san wannan da hannunta. Muddin tana ɗora kowane zagaye a gefen ɗan'uwansa, faifai za ta samu. In ta fara ɗora shi a bisa ɗan'uwansa, bango ya tashi ke nan, da kaba ɗaya da allura ɗaya an koma saƙar kwando.

A tsiron tulu na Asiya, tulun yana farawa ne kamar ɗan ƙurji a bakin tsirkiya. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, yana kumbura a rufe ruf, yana tara ruwa a cikinsa tun murfi bai buɗe ba. Saboda haka ruwan ba na sama ba ne, tsiron ne ke tsatso shi daga jikinsa, matafiya ma sukan fasa wanda bai buɗe ba su sha. In ya nuna sai murfi ya ɗaga, leɓen baki ya naɗe waje ya yi launi, ja ko rawaya ko mai zane-zane. Daga ranar nan murfin ba ya sake rufewa. Mutane da yawa suna zaton yana faɗawa a kan ƙwaro kamar tarkon ɓera, wannan kuwa kuskure ne. Aikinsa a yawancin iri shi ne tare ruwan sama don kada ya tsarma na ciki, da kuma fitar da ruwan zaƙi mai jawo ƙwari.

Tarkon yana a leɓe ne. Leɓen tulu yana da ƙananan kwari-kwari a jere, duk suna gangarawa ciki, a bakinsa na ciki kuma akwai kafofin ruwan zaƙi. An daɗe ana ganin tururuwa na yawo a kansa lafiya lau, har ana mamakin yadda ake yi ta faɗa. A 2004 Holger Bohn da Walter Federle suka gano dalili a Borniyo: in leɓen ya bushe ƙafar tururuwa na kama shi, amma da zarar raɓa ko ruwan sama ko ruwan zaƙin ya jiƙa shi, ruwan yakan bazu ya zama siririn shimfiɗi, ƙafa ta rasa abin kamawa, kamar mai tafiya a kan daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu. Sai a ce, to ai bushewar leɓe da rana tsaka hasara ce ga tsiron. Wata masaniya, Ulrike Bauer, ta gwada wannan a ƙasar Burunai, aka buga sakamakon a 2015. Ta sa ɗigon ruwa a kan leɓen wasu tuluna don kada su bushe ko kaɗan, ta bar wasu yadda suke. Waɗanda aka bari su ne suka riƙa kama tururuwa jama'a-jama'a. Dalili kuwa, tururuwa tana da 'yan leƙen asiri. In ɗaya ta zo da rana ta sha zaƙi ta koma gida lafiya, sai ta jawo 'yan'uwanta, su kuwa su iso lokacin da leɓe ya jiƙe. Tulun da ke kama ɗan aike nan take, ayarin ba ya zuwa masa. Masana a jami'ar Harvard sun kwaikwayi wannan leɓe a 2011, suka ƙera wani shafi mai santsi wanda ruwa da mai ba sa manne masa.

Ƙasa da leɓe, bangon tulu a iri da yawa yana shafe da wani kaki mai ɓarɓashi wanda ke cika tafin ƙafar ƙwaro ya hana shi hawa. Ƙasa da nan kuma sai dubban ƙananan kafofi masu zubo ruwa mai tsami da sinadaran narkar da nama, su ne kuma ke tsotse abin da ya narke. Joseph Hooker, shugaban lambun Kew na Landan, shi ya fara tabbatar da wannan da gwaji a 1874, ya jefa gutsuren dafaffen farin ƙwai da nama a cikin tulu, kafin kwana ɗaya gefensu ya fara zagwanyewa. Shekara guda bayan haka Charles Darwin ya fitar da littafinsa na tsirrai masu cin ƙwari. Kafin su, Linnaeus da kansa, da aka kai masa labarin wani tsiron Amurka mai kama ƙuda, ya ƙi yarda cewa cinsa yake yi, yana ganin abin ya saɓa wa tsarin halitta. Babban malami ne, amma a nan ya yi gaggawa, gama iyakar abin da ya saba gani ya ɗauka ita ce iyakar tsarin.

Mene ne ya kai ganye ga farauta? Talaucin ƙasa. Tsiron tulu yana fita ne a inda sauran tsirrai ke wahala: fadamu masu tsami da ruɓaɓɓen ganye ya cika, kan duwatsun da ruwan sama ya wanke, da dajin farin yashi wanda mutanen Iban na Borniyo ke kira kerangas, watau ƙasar da ba ta yin shinkafa. Ruwa akwai, rana akwai, abin da babu shi ne naitirojin da fosfaras, sinadaran nan da manomi ke nema in ya sayi takin zamani ko ya kai takin shanu gona. Jikin ƙwaro kuwa cike yake da su. Saboda haka ƙwarin ba tuwon tsiron ba ne, tuwonsa daga hasken rana yake haɗa shi kamar dawa da gero. Ƙwarin taki ne, yana karɓarsa ta ganye tun da saiwa ta nema ta rasa.

Amma wannan taki ba kyauta yake zuwa ba. Tulu yana cin kayan gini da yawa, ga ruwan zaƙi, ga kaki, ga sinadaran narkarwa, sa'an nan ba ya haɗa abinci daga rana kamar yadda shimfiɗaɗɗen ganye ke yi. A 1984 wani masani Ba'amurke, Thomas Givnish, ya yi lissafin ribar abin da hasararsa, ya nuna cewa cin ƙwari ba ya biyan kuɗinsa sai a wuri mai rana, mai laima, mai ƙarancin taki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya sāke, lissafi ya juye. Nan ne kuwa ake ganin abin da ya fi komai ban mamaki a halin wannan ganye, watau yakan fasa zama tulu. Masu renonsa a gidaje sun san haka: in aka ajiye shi a inuwa, ko iska ta bushe, ko aka cika masa taki, sai ganye ya fito da faɗinsa da tsirkiyarsa, amma ɗan ƙurjin bakin tsirkiya ya tsaya cik, ya bushe. Mai shi yakan zaci cuta ce ta kama shi, alhali sau da yawa wurin ne bai dace da tulu ba.

An auna wannan da kyau a Amurka. Aaron Ellison da Nicholas Gotelli sun shiga fadamun arewa maso gabashin ƙasar suka riƙa ba Sarracenia purpurea ruwan naitirojin, wani kaɗan, wani da yawa, suka buga abin da suka gani a 2002. Tulun wannan tsiro yana da wani faffaɗan fiffike a gabansa. Gwargwadon yawan takin da aka ba shi, gwargwadon yadda sababbin ganyensa suka fito da babban fiffike da ƙanƙanen rami, har wasu suka zama kusan shimfiɗaɗɗu sarai, kuma abin bai ɗauki fiye da kakar girma guda ba. Har suka ba da shawarar a riƙa duban siffar ganyensa don a gane yawan naitirojin da hayaƙin motoci da masana'antu ke zubowa cikin ruwan sama. A kudu maso yammacin Ostireliya, kusa da garin Albany, akwai wani ɗan ƙaramin tsiron tulu, Cephalotus, wanda ke fitar da ganye iri biyu a gindi ɗaya, wani shimfiɗaɗɗe, wani tulu. Fukushima da jama'arsa sun nuna a 2017 cewa in aka rene shi a sanyin digiri 15 galibi shimfiɗaɗɗu yake yi, a digiri 25 kuwa tuluna. Sun kuma tarar sinadaran da yake narkar da ƙwaro da su, danginsu ne na waɗanda sauran tsirrai ke kare kansu da su daga cuta. Abin lura, na Asiya da na Amurka da na Ostireliya ba dangin juna ba ne, zuriyarsu ta yi nisa ƙwarai, amma bukata ɗaya ta kai su ga siffa ɗaya.

Afirka ta Yamma ba ta da tsiron tulu, amma tana da wani ɗan'uwan na Asiya na nesa, a dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddebuwa, ana kiransa Triphyophyllum peltatum. Ganye iri uku yake yi a rayuwarsa. Yana ƙarami ganyensa dogo ne kamar na kowa. In ya girma ya zama mai yaɗo, sai ganyen ya fito da ƙugiya biyu a kai, da su yake hawan itatuwa. A tsakanin nan kuwa, wani lokaci, yakan fitar da wani ganye siriri kamar bulala, jikinsa duk ɗigo-ɗigon danƙo mai kama ƙwari. An daɗe ba a san abin da ke sa shi yin wannan na ukun ba, sai a 2023 masana na Hanoba da Wurzburg a Jamus suka nuna cewa ƙarancin fosfaras ne. In ya samu isasshe ba ya farauta ko kaɗan.

A koma ga na Asiya. Ko a gindi ɗaya tulunansa ba su zama iri ɗaya. Na ƙasa, waɗanda tsiron ke yi yana yaro, gajeru ne masu tumbi, suna zaune a ƙasa, da fiffike biyu masu gashi a gaba kamar tsani ga ƙwari masu rarrafe. In ya fara hawan itace sai siffa ta sauya, tsirkiya ta naɗe reshe ta riƙe nauyin kara, tulu ya zama siriri kamar kakaki, fiffiken ya shuɗe, domin yanzu masu tashi ake jira. Wanda bai sani ba sai ya rantse tsiro biyu ne.

Akwai kuma waɗanda suka rage farauta suka kama wata sana'a. A kan dutsen Kinabalu na jihar Sabah ta Maleshiya, mai tsayin mita 4,095, akwai Nepenthes rajah, wanda Hugh Low ya tsinko a 1858, Hooker ya raɗa masa suna a 1859. Tulunsa yakan ci ruwa lita uku da rabi, an kuma taɓa samun ɓera ya nitse a ciki, abin da ya sa aka yi ta kiransa maci ɓeraye. Bincike na baya ya nuna abin ya fi haka sauƙi. Wata 'yar dabba mai kama da kurege takan hau bakin tulun ta lashi zaƙin da ke ƙarƙashin murfi, tana lasa tana kashi a ciki. Masana sun auna nisan da ke tsakanin gaban baki da wurin zaƙin, suka tarar ya yi daidai da tsawon jikin dabbar. A wani ɗan'uwansa, Nepenthes lowii, binciken Charles Clarke da abokansa na 2009 ya nuna kashi 57 zuwa 100 cikin ɗari na naitirojin ganyensa daga wannan kashi yake fitowa, alhali tulunansa na ƙasa, na ƙuruciya, ƙwari suke kamawa kamar na kowa. A Burunai kuwa akwai Nepenthes hemsleyana, mai dogon tulu da ruwa kaɗan a can ƙasa. Wani ɗan jemage da nauyinsa bai wuce giram huɗu ba yakan shiga ya yi barcin rana a ciki, kuɗin hayarsa shi ne kashinsa. An ba da labarin wannan a 2011, a 2015 kuma aka nuna cewa bangon baya na tulun yana mayar da sautin da jemage ke laluben hanya da shi, har ya gane masaukinsa a cikin duhun kurmi.

Nepenthes albomarginata yana da farin zobe na gashi a ƙarƙashin leɓe, gara na zuwa cinsa tana faɗawa dubbai. Nepenthes bicalcarata yana da rami a cikin tsirkiyarsa inda wata tururuwa ke gida, tana iyo a ruwan tulun ba ta narkewa. A 2022 aka ba da sanarwar Nepenthes pudica daga arewacin Kalimantan ta Indunusiya, wanda ke binne tulunansa a ƙarƙashin ƙasa ya kama ƙwarin da ke can.

Wanda ya fi shiga rayuwar mutane shi ne Nepenthes ampullaria. Tulunansa gajeru ne, sukan taru a ƙasa kamar an jera ƙananan tukwane, murfinsu ɗan siriri ne ya koma baya, baki a buɗe yana tarar busasshen ganyen da ke faɗowa daga itatuwa, wajen sulusin naitirojinsa daga nan yake samu. Mutanen Maleshiya sukan yanko su, su wanke sarai, su cika da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, su turara. Tsohon abinci ne a wurin ƙabilun Sarawak da Sabah, ya kuma shiga kasuwannin azumi da na Ƙaramar Salla a biranen ƙasar, inda ake sayensa da yawa. Masu kula da daji a can sun yi ta jan kunne a kan yawan yankan, suna roƙon a koma ga wanda aka shuka.

Jan kunnen yana da tushe a cikin halittar ganyen da aka bayyana a sama. Kowane ganye tulu ɗaya yake yi a rayuwarsa. In aka yanke shi, faffaɗan ɓangaren yana nan kore a jikin kara yana shan rana, amma ba ya sake fitar da wani, sai tsiron ya jira sabon ganye, a ƙasar da ba ta da abin ba shi. Iyali guda da ke ɗiban na girkin Salla ba su gama da daji, amma kasuwar birni tana iya gamawa da shi. Duk da haka, yankan tulu bai kai tumɓuke tsiron ɓarna ba, kuma bai kai sare kurmi don gonakin kwakwar manja ba. Masu tara tsirrai na ƙasashen waje suna biyan kuɗi mai yawa a kan irin da ba a cika samu ba, har Nepenthes clipeata, wanda ba ya fita ko'ina a duniya sai a jikin dutsen Kelam na yammacin Kalimantan, ya kusa ƙarewa a mazauninsa. Yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji da tsirrai ta hana fataucin Nepenthes rajah da na duwatsun Khasi in daga daji aka ciro su, sauran kuma sai da takardar izini. An kafa gandun Kinabalu a 1964, kuma yanzu ana hayayyafa tsiron a ɗakunan gwaji ana sayar wa masu so, abin da ya rage wa na daji nauyi.

Wani abu da ke daɗa wahalar farfaɗowarsa shi ne, tsiron tulu na Asiya kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, kowanne a gindinsa. In aka tumɓuke 'yan matan da ke kan wani tsauni, mazan da suka rage za su yi ta fure shekara da shekaru ba iri ko ƙwaya. Nepenthes rajah kuwa, daga ranar da irinsa ya tsiro zuwa ranar da zai yi furen fari, yakan kai shekara goma ko fiye.